Ranar da na zaunar da surukina a kan turmi

Kun dai san Duna, baƙin karen da na kawo bayan ɓarayi sun ɗauke mana batirin sola har sau biyu. Gadi na kawo shi ya yi, yara suka mai da shi ɗan gida. Na kai shi Vom aka yi masa allurar haukan kare, na ce saura tarbiyya. A YouTube na ga dabarar: ka riƙe guntun nama saman hancinsa, ka ja hannunka baya kaɗan, yana ɗaga kai gindinsa zai sauka da kansa, sai ka ce "zauna" ka miƙa masa nan take. Minti biyar da safe, biyar da yamma. Sati uku ina ba kare dafaffiyar hanta, uwargida tana kallona tana cewa ko ranar suna ba ta ga na sayi hanta haka ba.

Ya kuwa iya. In ba kowa a wurin.

Asabar ɗin nan Baba, surukina, ya taso daga Bauchi ba sanarwa. Ya yi sallama ya turo ƙofa, farar shadda sai ɗaukar ido take. Duna yana waje, ya biyo bayansa a guje. Baba bai gan shi ba, ni na gan shi. Na nuna yatsa, na daka tsawa: "Zauna!"

Baba ya tsaya cak.

Duna bai tsaya ba. Na ƙara murya: "Na ce ka zauna! Zauna, ɗan banza mara kunya!"

Jama'a, mutumin da shekara goma sha ɗaya ban taɓa haɗa ido da shi ba. Mutumin da nake cire takalmi tun daga zaure in tsuguna in gaishe shi. Ya dubi dama, ya dubi hagu, ya tattare babbar rigarsa a hankali, ya zauna a kan turmin da aka kife. Ya ce, "To, Malam, na zauna."

Sai a lokacin Duna ya ga dama. Ya zagayo ya zauna daidai gefen Baba, ya miƙe wuya. Su biyu suna kallona, ga hanta a hannuna, yatsana har yanzu a miƙe. Wallahi na rasa yadda ake sauke yatsa. Na buɗe baki in ce "Baba, ba da kai nake ba", sai na ji kaina ina cewa "yauwa, madalla", don haka na saba faɗa duk sa'ad da aka zauna.

Duk wannan a idon mai wanki da guga, wanda ya kawo kaya ya ƙi tafiya. Shi ne dai wanda ya ƙone min kaftani ana gobe sallah ya ce wutar ce ta zo da ƙarfi, alhali da dutsen gawayi yake guga. Kafin la'asar labari ya kai teburin mai shayi, har da ƙarin cewa na ce Baba ya ba ni hannu. Yanzu in na wuce sai mai wankin ya ce, "Alhaji, a zauna mana." Shi ne kuma ke ba ni shawara kullum in kai Duna kasuwar karnuka ta Dawaki a Kanke, wai zai yi kuɗi. Ɗari biyar ɗina tana wurinsa tun azumi.

Na so in gyara, na ce wa Baba ai a Malikiyya yawun kare ba najasa ba ne. Ya ce ya sani, tun kafin a haife ni yake karantarwa.

Da ya shiga ɗaki yin salla, na ga Duna yana sunsunar takalminsa. Kun san abin da Hausawa suka ce. Ƙafar hagu muka samu a bayan tanki. Da silifas ɗina ya koma Bauchi, har yau bai aiko da su ba, ni kuma ban tambaya ba.