Gitata mai tsiwa da maganin da na nemo mata

Duk wanda ya taɓa riƙe gitar lantarki mai ƙirar Stratocaster ya san halin mikro na uku, wanda ke dab da jaki, wato ƙarfen da tsirkiya ke hawa a gindin gitar. Mikro shi ne maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, yana kwance ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar motsinta ya miƙa wa ampili, na'urar ƙara sauti. Na kusa da wuya muryarsa da kauri, na tsakiya ba ruwansa da kowa, shi kuwa na jaki an dasa shi inda tsirkiya ba ta lilo sosai, sai siririn sauti yake tsinta. Haka yake tun 1954 da Fender ta fito da wannan ƙira, kuma a asalin haɗin wayoyinta ko mabuɗin ton, mai rage tsinin sauti, ba a ba shi ba. Ton biyun da kake gani, ɗaya na wuya ne, ɗaya na tsakiya.

Tawa ta hannu ce, kwaikwayo, na saye ta a babbar kasuwar Maradi sunan da ke kanta ma ya goge. In na tura makunnin zaɓen mikro zuwa jaki, kamar ana jan ƙusa a kan kwanon rufi. A wani biki a unguwar Zariya wata tsohuwa ta aiko jikarta ta tambaya ko wani ne ya ɓata wa mai gita rai, in akwai a faɗa mata ta ba shi haƙuri.

Mai buga mana bas ya ce abin mai sauƙi ne. "Yaya, mikron ga naka 6k ne. Nemi mai 16k, lamba babba ita ce murya babba." Na ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano saƙo ya zo min da hambaka, wato mikro mai naɗi biyu irin wanda Seth Lover ya ƙera wa Gibson, aka fara sa shi a Les Paul a 1957. Da ya iso na ɗora mita a kai, ta nuna 17k da ɗoriya. Na yini ina yi wa mai shagon addu'a, na ɗauka gyara ya yi min. Ashe zafin Maradi ne: juriyar jan ƙarfe tana hawa wajen kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, lambar da ke jikin kwali kuwa a ɗaki mai sanyin digiri 20 ko kusa da haka ake auna ta. A digiri 40 ƙarin kashi 8 ke nan, kyauta daga rana.

Lambar nan ta k juriyar waya kawai take faɗa. Waya mai lamba 43 ta fi mai lamba 42 siranta, saboda haka naɗi iri ɗaya zai ba ka k mafi yawa ba tare da muryar ta ƙaru yadda kake zato ba. Abin da ke yanke hukunci kan tsini shi ne indaktans, wata sifar naɗin waya da ke ƙaruwa da yawan naɗi, wanda ake aunawa da hanri. Mikro mai naɗi ɗaya na Strat yana wajen hanri 2 zuwa 2.5, kuma in ya haɗu da wayar da ke zuwa ampili sai ƙololuwar muryarsa ta zauna tsakanin kilohaz 3 da 4 ko sama kaɗan, daidai inda kunnen ɗan Adam ya fi jin zafi. Hambaka irin ta da, mai 8k, tana da hanri 4 zuwa 5, ƙololuwarta ta sauko wajen kilohaz 2 da rabi. Masu 16k kan kai hanri 8 ko fiye. Wannan lambar ce ya kamata a tambaya, kuma ita ce ba ka cika gani a jikin kwali ba.

Na kwance farantin robar da ke riƙe da mikron, na kawo hambaka bakin ramin. Faɗinta milimita 38, ramin da aka yi wa tsohon mikro bai wuce 18 da ɗan wani abu ba. Katakon ma ramuka uku aka fafe masa daban-daban, kowane mikro da ɗakinsa. Kafintan layinmu ya leƙo, ya juya gitar, ya ce in ba shi minti goma da cizal. Na tuna ƙofar banɗakin da ya yi mana, na ce Allah ya saka da alheri. Akwai kuma tazarar tsirkiya: hambaka ta Gibson tana da milimita 49 zuwa 50 daga ƙusar maganaɗisu ta farko zuwa ta shida, jakin Strat kuwa 52 ko fiye, sai tsirkiyar gefe ta riƙa wucewa ta bayan gida.

Aka mayar, aka musanyo min mai naɗi biyu da aka matse a jikin mai naɗi ɗaya, wanda ke da ƙarafa biyu dogaye a sama, shi ma mai 16k. Wannan ya shiga rami lafiya lau. Wayoyinsa huɗu ne da tsirara guda, kuma launinsu na tsarin Seymour Duncan ne: baƙa ta tafi makunni, ja da fara a haɗe su a naɗe da salatif, koriya da tsirara a liƙa su a bayan bolim, mabuɗin ƙara ko rage murya. Kowane kamfani da nasa launin. A DiMarzio ja ce ke tafiya makunni, baƙa da fara ake haɗewa. Ƙarfen dalma mai wat 40 ake so don bayan bolim, a kankare wurin ya yi haske, a gama cikin daƙiƙa kaɗan. Ƙarami mai wat 25 sai ka daɗe kana dannawa har zafi ya gasa cikin bolim ɗin.

Shi kaɗai ya yi kauri, har ya wuce gona da iri: ampili ya fara gurnani tun ban taɓa komai ba, in na buga tsirkiya shida tare ba ka bambance ɗaya daga ɗaya. Da na sa makunni a hawa na biyu, inda yake haɗuwa da na tsakiya, sai muryar ta tsuke ta koma ta hanci, kaurin duka ya gudu. Garin neman ƙiba an samo rama. Uwargida ta leƙo daga kan kekenta na ɗinki ta ce, "Malam, wannan ce sabuwar, ko tsohuwar ce ta kamu da mura?" Abin da ya faru shi ne mikron biyu suna tura sauti a saɓa, ɗaya na turawa ɗaya na ja, kaurin da suka ɗauka tare sai ya kashe juna. Maganinsa a musanya baƙa da koriya, tsirara dai ta tsaya inda take. Na musanya, murya ta dawo, amma yanzu na jaki yana danne sauran biyun, su kuma suna nan da tsiwarsu yadda na same su.

Na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabon Gari. Bai ko dubi mikron ba. Ya cire waya guda daga bolim, ya ɗora mita a ƙafafunsa biyu na gefe, ya juyo min fuskarta: 500k. Ton biyun ma haka. "Samari, wa ya ce maka mikro na da laihi?" Mai naɗi ɗaya 250k ake sa masa, domin ƙaramar lamba tana zubar da wani ɓangare na tsinin kafin ya fita, 500k ta hambaka ce, wadda ke buƙatar a bar mata ɗan hasken da ya rage. Ya zaro rezistans mai 470k daga gwangwanin madara, ya liƙa tsakanin ƙafafun gefe na bolim, lissafi ya koma 242k. Ya yanko waya da ba ta kai tsawon ashana ba, ya haɗa ƙafar ton na tsakiya da ƙafar da ke zaune banza a makunni, na jaki ya samu ton. Na ce a canza kondansa, ɗan abin da ke liƙe a ton yana zubar da tsini, daga mai lamba 0.022 zuwa mai 0.047, ya ce in ina so, amma sai na rage ton zan ji bambancin, in yana a 10 kusan duk ɗaya. Ya mayar da tsohon mikrona, ya danne tsirkiya a ƙarfen ƙarshe na wuya, ya sauke shi da turnabis har ya bar milimita 2.4 a gefen kauri da 2 a gefen siriri; da can ya kusa sumbatar tsirkiya. Na tambayi kuɗin aiki, ya ce in ba yaro ya sayo shayi.

Tsini ya kwanta, tsirkiya kowace ana jin ta. In har bayan wannan kunnenka bai gamsu ba, canza tsirkiya zuwa ta nikel zalla kafin ka taɓa aljihu, ta fi ta silba taushi. In kuma sayen ya zama dole, mai naɗi ɗaya da aka ɗan ƙara wa naɗi, 7k ko kusa, hanri 3 da ɗoriya, mai maganaɗisun Alnico 2, ya ishi jaki ba tare da ya danne ƴan'uwansa ba. Abu ɗaya nake kewa daga hambaka: tana kashe ƙugin wutar gida mai haz 50, wanda ya dawo tare da tsohon mikro, musamman in mai biki ya ɗora mu kusa da janareto.

Mai 16k yana kan teburin ɗinki. Uwargida tana share ƙasa da shi in ta tashi aiki, allura da fil duk su manne, kuma ƙawarta ta ce in mai zuwa Kano zai koma a sayo mata guda, amma mai 20k.