Jakara ba ta da mai kai ƙara

A kudancin Landan, inda nake zaune, akwai wani ɗan kogi da ake kira Wandle, ya taso daga wajen Croydon ya zube cikin Thames. Tarihinsa ya yi kama da na Jakara tamu, kogin da ya ratsa birnin Kano. Marina da majema da masana'antu ne suka jeru a bakinsa, har ta kai a shekarun 1960 ana ɗaukarsa lambatu kawai. Shi kansa Thames a 1957 aka ce ya mutu. Yau ana ƙirga kifi sama da iri 100 a cikinsa, Wandle kuwa har kifi yana ƙyanƙyasa.

Hukuma ta yi nata, amma abin da ya fi ɗaukar hankalina mutanen unguwa ne. Suna shiga ruwan suna tsamo tayoyi da tarkacen ƙarfe, aikin gayya sak. Makarantu sun riƙa renon ƙwan kifi a aji, yara su saki 'ya'yan da hannunsu. Wasu kuma duk wata sai sun ƙirga ƙwarin da ke ƙarƙashin duwatsu, domin da zarar sun ragu an san an zuba wani abu. Shi ya sa a 2007, da sinadari ya kwarara daga wata matatar ruwan ƙazanta ya kashe kifi da yawa, maganar ba ta mutu ba. An je kotu, an ci kamfanin matatar tara. Kada a ɗauka Turawa waliyyai ne, har yanzu suna sakin ƙazanta a kogunansu. Bambancin shi ne akwai masu tsayawa su ce ba su yarda ba.

To wa ke tsayawa wa Jakara? Ta ratso cikin gari ta kwashi ruwan kwatoci da jinin abbatuwa, rafin Getsi ya kawo mata na kamfanonin Bompai, duk su tafi dam ɗin Wasai. A hanya manoman rani suna ban ruwan salak da alayyafo da shi, kifin da aka kama a Wasai kuma kasuwanninmu yake dawowa. Kogin Challawa ma yana shan ruwan jimar fata daga Sharaɗa da rukunin masana'antun Challawa. Kowa ya san wannan, kowa ya toshe hanci ya wuce. Da aka zo gyara ma, siminti aka yi wa Jakara, kamar ita ce mai laifin.

Ba na cewa a kwaso tsarin Ingila a juye a Kano. A Ingila ana hana kamun yawancin kifin kogi daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni, kuma ba wanda zai kwana da yunwa, don mai fatsa nishaɗi ya fito yi. Masuncin Tiga ko Ƙaraye kuwa da komarsa yake ciyar da gida. Sai dai hutar da ruwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Argungu, Matan Fada, kogin da ake bikin kamun kifi a cikinsa, a rufe take sai ranar da aka buɗe ta, kuma ba a yi wa Sarkin Ruwa gardama. Manyan giwan ruwan da ake ɗagawa a bikin, wannan hanin ne ya raine su.

Mu ma muna da sarakunan ruwa, muna da masu unguwanni da ƙungiyoyin gayya masu yashe kwatoci kafin damina. Sarkin ruwa ne zai iya hana zuba gubar gamalin a ruwa da jan gidan sauro a matsayin taru, wanda ke kwashe 'ya'yan karfasa da kurungu tun ba su kai yatsa ba. Shi ne ya san fadamar da tarwaɗa ke hawa ta yi ƙwai in ruwa ya cika. Amma ba shi da iko a kan bututun kamfani. Wannan aikin 'yan birni ne, ɗaliban kimiyya na Jami'ar Bayero su auna ruwan, mutanen unguwa su ɗauki hoto da kwanan wata, lauyoyinmu su kai takarda gaban hukumar muhalli, in ta ƙi motsi a wuce kotu.