Jinkirin Allah Ba Mantuwa Ba Ne

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, 'yan'uwa na ƙasar Zuru da Yauri da Birnin Kebbi, da na Gusau da kewaye, da duk wanda saƙon nan ya iske.

Akwai tambayar da ta yi yawa a bakinmu shekarun nan. Ana yin ta a gidan makoki da murya ƙasa-ƙasa, ana yin ta da kuka a wurin addu'ar dare: wai Allah yana gani kuwa? In yana gani, me yake jira? Mutanen ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba da yawa sun bar gonakin da suka gada, sun dawo gari suna raɓe a gidajen dangi. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashe 'yan mata a makarantar Jangebe, a watan Yuni na shekarar kuma aka shiga makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, wasu daga cikin yaran sai da suka kusa shekara 2 a daji. Gidaje nawa ne suka sayar da shanun huɗa da hatsin rumbu don haɗa kuɗin fansa? Waɗanda suka yi wannan ta'asa kuwa suna ci suna sha, rana tana fito musu, damina tana sauka inda suke kamar yadda take sauka a namu gonakin.

Kada kowa ya tsawata wa mai wannan tambaya, ko ya ce bangaskiyarsa ta yi rauni. Annabi Habakkuk da ita ya buɗe littafinsa: har yaushe zan yi ta kuka ba ka ji ba? Irmiya ya tambayi Allah dalilin da ya sa hanyar mugaye take albarka. Asaf, a Zabura 73, ya ce ƙafafunsa sun kusa zamewa da ya ga wadatar mugaye. Har a Ru'ya ta Yohanna sura 6, rayukan waɗanda aka kashe saboda maganar Allah suna kira daga ƙarƙashin bagade: har yaushe? Allah bai share waɗannan kalmomi daga Littafi Mai Tsarki ba. Ya bar su domin gwauruwar da ba ta san abin da za ta faɗa masa ba ta sami kalmomin da za ta ara.

Amma akwai amsa, kuma tana da nauyi a zuciya. Manzo Bitrus ya ba da ita a wasiƙarsa ta biyu, 3:9: Ubangiji ba ya jinkirin cika alkawarinsa yadda wasu ke ɗauka, haƙuri yake yi, domin ba ya so kowa ya hallaka, so yake kowa ya kai ga tuba. Ga masu bi aka rubuta wasiƙar nan. Ashe haƙurin da muke ƙorafi a kansa, mu ma a cikin inuwarsa muke zaune.

Halinsa ne tun fil azal. A zamanin Nuhu ya jira duk tsawon lokacin da ake sassaƙa jirgi, ƙarshe mutum 8 kaɗai suka shiga. Ibrahim ya roƙe shi saboda Saduma, ya fara daga adalai 50 yana ragewa har ya kai 10, kowane mataki Allah yana cewa ya yarda. Ibrahim ne ya daina roƙo kafin Allah ya daina amsawa. Irmiya ya ce ya yi shekara 23 yana faɗakar da mutanen Yahuda ba su kasa kunne ba, kuma sai da wasu shekaru suka ƙara wucewa kafin Babila ta rushe Urushalima.

Wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne sarki Manassa. Ku buɗe 2 Sarakuna 21 ku karanta a hankali. Yana da shekara 12 ya hau gadon sarauta, ɗan Hezekiya ne, mutumin kirki, amma ya sake gina wuraren tsafin da ubansa ya rushe. Ya kafa gunki a cikin Haikalin Ubangiji, ya miƙa ɗansa na cikinsa hadaya a wuta, ya yi hulɗa da bokaye da masu duba, ya zubar da jinin marasa laifi har ya cika Urushalima daga wannan gefe zuwa wancan. Wannan mutum ya yi shekara 55 yana mulki, babu sarkin Yahuda da ya kai shi daɗewa. Ku yi tunanin uwar da aka kashe ɗanta a farkon mulkinsa. Ta yi addu'a, ta tsufa, ta mutu, Manassa yana nan a kan karaga. In da a zamaninta muke, da mun ce Allah ya manta da ita.

Sai 2 Tarihi 33 ya ba mu sauran labarin. Shugabannin yaƙin Assuriya suka kama shi da ƙugiya, suka ɗaure shi da sarƙar tagulla, suka kai shi Babila. A can cikin wahala ya ƙasƙantar da kansa ƙwarai a gaban Allah na kakanninsa, ya yi roƙo, Allah kuwa ya ji, ya komo da shi. Ya dawo ya kwashe gumakan ya zubar da su bayan gari, ya gyara bagaden Ubangiji. To, jinin da ya zubar fa? Shi ma Allah bai manta da shi ba. A 2 Sarakuna 24:3-4, sa'ad da hukunci ya sauko wa Yahuda, an ambaci jinin nan da sunan Manassa. Abu biyu ne a nan, kuma dole mu riƙe su tare: mutumin da ya tuba ya sami jinƙai, jinin marasa laifi kuma yana nan a lissafe. Duk wa'azin da ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya ya rage wa Allah wani abu daga halinsa.

Mu kuwa galibinmu Yunana ne. Assuriyawa sun shahara da rashin imani a yaƙi, su ne abin tsoron Isra'ila. Da Allah ya janye hukuncin da ya ce zai auko wa Nineba, birnin Assuriyawa, cikin kwana 40, Yunana ya yi fushi har ya roƙi mutuwa. Ya ce dama abin da ya sa ya gudu ke nan, ya san Allah mai alheri ne, mai jinƙai, mai jinkirin fushi. Ku duba, mutumin da bai daɗe da fitowa daga cikin kifi ba saboda wannan jinkirin fushi, shi ne yake jin haushin an yi wa wasu. Allah ya tambaye shi ko bai kamata ya ji tausayin birnin da ke da mutum fiye da 120,000 waɗanda ba su san damansu da hagunsu ba, ga kuma dabbobi da yawa. A dazuzzukan nan namu akwai yaran da aka haifa a sansani, ba su taɓa shiga aji ba, bindiga aka miƙa musu tun ba su san ciwon kansu ba. Akwai matan da aka kai su can ba da sonsu ba. In wutar da muke roƙo ta sauko yau, har da su za ta cinye.

Manomin shinkafa a fadamar Argungu ko bakin kogi a Yauri ya san akwai ciyawar da ke tashi tare da shinkafa, kamarsu ɗaya, sai sun fitar da kai ake rarrabe su, kuma mai gaggawar cirewa yakan tuge shinkafar tare da ita. Abin da Yesu ya koyar ke nan a Matiyu 13, da bayi suka nemi izinin cire ciyawa daga cikin alkama. Maigida ya ce a bar su su girma tare har kaka. Bai ce ciyawar alkama ce ba, bai kuma ce ba za a yi girbi ba. Alkamarsa yake tattali.

Yanzu bari in juyo kanmu, domin a nan nasihar take. Wata rana aka kawo wa Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya. Irin labarin da ke iske mu a waya da sassafe ne. Ya tambaye su: kuna tsammani sun fi sauran Galilawa zunubi ne? Ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa. Ya ce a'a, amma in ba ku tuba ba, duk za ku hallaka. Wannan amsa ta wanke waɗanda aka kashe daga zargin masu cewa alhakinsu ne ya kama su, ta kuma mayar da tambayar kan masu rai. Nan take ya ba da misalin itacen ɓaure da ya shekara 3 ba 'ya'ya. Mai gona ya ce a sare shi, mai lura da gonar ya roƙa a bar shi bana ma, zai yi masa kaftu ya zuba taki.

Ɗan'uwa, shekara nawa ke nan da aka yi maka baftisma? Ka ci jibin Ubangiji sau nawa alhali ba ka magana da ƙanenka saboda iyakar gona? Dattijon da ke riƙe da kuɗin baikon majami'a yana taɓawa yana cewa zai mayar, magidancin da ke kwana a wurin burkutu yara ba kuɗin makaranta, wanda ya ɓoye hatsi yana jira 'yan gudun hijira su matsu ya ninka farashi, 'yar'uwar da ke fita daga taron zumuntar mata ta wuce kai tsaye wurin boka, duk mun kwana mun tashi lafiya. Abin baƙin ciki, an ma sami waɗanda ke zaune cikin gari suna kai wa 'yan bindiga rahoton maƙwabtansu saboda abin da bai taka kara ya karya ba. Da Allah yana hukunta zunubi a ranar da aka aikata shi, da wa zai rage ya buɗe ƙofar majami'a ranar Lahadi?

Haɗarin shi ne mutum ya ga shiru ya ɗauka an yarda da shi. Mai-Wa'azi 8:11 ya faɗa: saboda ba a hukunta mugun aiki nan da nan, zuciyar 'yan adam takan ƙudurta yin mugunta. Bulus ya tambayi Romawa ko raina yalwar alherin Allah da haƙurinsa suke yi, ba su san cewa alherin nan jawo su yake zuwa tuba ba. Ya ce mai taurin zuciya tara wa kansa fushi yake yi. Nineba da aka yafe wa ta koma gidan jiya, annabi Nahum ya yi shelar faɗuwarta, aka kuwa rushe ta a shekara ta 612 kafin haihuwar Almasihu. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Kada kuma wani ya ɗauki maganata ya ce to a naɗe hannu. Haƙurin Allah bai sauke wa hukuma nauyinta ba. Romawa 13:4 ya ce mai mulki bawan Allah ne, ba a banza yake riƙe da takobi ba. Kare talaka da kama mai laifi aikinsa ne, zai kuma ba da lissafi a kansa. Kalmar tuba ma mun ga yadda aka wulaƙanta ta. An yi sulhu a Zamfara a 2019, an miƙa wasu bindigogi a gaban jama'a, amma kashe-kashen suka dawo. Tuban da Littafi ya sani irin na Zakka ne, wanda ya tashi tsaye ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki 4. Muna roƙon Allah ya juyo da zukatansu, muna kuma neman a yi adalci, ɗaya bai hana ɗaya ba.

Haƙurin nan bai zo wa Allah a arha ba. Romawa 3:25-26 ya bayyana cewa zunuban da ya jure ya ƙyale a zamanan da suka wuce, a kan gicciye aka biya su, domin ya zama mai adalci kuma mai kuɓutar da wanda ya gaskata da Yesu. Wanda ke ce mana mu jira ya san zafin rashin ɗa. An kama Ɗansa da dare, an yi masa shari'ar ƙarya, an kashe shi a bainar jama'a, yana roƙa wa masu kashe shi gafara. Shawulu, wato Bulus, wanda ya tsaya yana gadin tufafin masu jifan Istifanus, yana cikin waɗanda aka jira. Shi ne daga baya ya rubuta wa Timoti cewa shi ne babban mai zunubi, an yi masa jinƙai domin Almasihu ya nuna iyakar haƙurinsa a kansa. Da an amsa addu'ar duk wanda ya roƙi mutuwarsa a lokacin tsanani, da ba mu da wasiƙar Romawa da muke karantawa.

Wanda aka yi wa haƙuri irin wannan ba shi da bakin shaƙe wuyan ɗan'uwansa. Kun san bawan da aka yafe wa talanti 10,000, ya fita ya kama abokin bautarsa saboda dinari 100. Gidajenmu sun cika da baƙi yanzu, ɗaki ɗaya mutum bakwai, tukunya ɗaya baki goma sha. Haƙuri yana ƙarewa da wuri a irin wannan zama, magana kaɗan sai faɗa. Uwargida, ki jure da matar ƙanen mijinki da ta zo ba ta da komai sai zanen jikinta. Baba, yaron da ya dawo daga hannun masu garkuwa ba ya barci, yana firgita da dare, kada a ce masa ya cika raki. Wanda ya bar zuwa sujada tun da aka kashe mahaifinsa, kada a yi saurin sa shi a horo, a je a zauna da shi tukuna. Maƙwabcinmu Musulmi da aka kora daga ƙauye ɗaya da mu, yunwarsa da tamu iri ɗaya ce, a auna masa daga abin da aka samu.

In akwai wanda kake gaba da shi, kada Lahadi mai zuwa ta same ka ba ka taka ƙofar gidansa ba. In akwai kuɗin wani a hannunka, ka fara mayarwa ko da kaɗan-kaɗan ne. A addu'ar iyali ta daren yau, bayan kun ambaci waɗanda ke tsare a daji da sunayensu, ku roƙa wa masu tsare da su tuba na gaskiya, ko da muryarku tana rawa.

Ubangiji ya ta'azantar da masu makoki, ya komo da waɗanda ke hannun mugaye, ya ba mu ikon komawa gonakinmu lafiya, cikin sunan Yesu. Amin.