Kai mai rage rodi, ka san shekarun ƙarfen nan?

Jama'a, ginshiƙin da aka fasa a wani gini nan Yamai ya ishe mu kunya. Mai gida ya biya kuɗin ƙarfe lamba 12, wato mai kaurin milimita 12, aka tarar da lamba 8 a ciki. Naman lamba 8 bai kai rabin na 12 ba. Zobban da ya kamata a jera duk santimita 15 an baza su 30. Sauran kuma? Sun bi hanyar kasuwar Katako.

Ɗan'uwana magini, zauna mu yi magana. Galibin tamar da duniya ke narkawa daga wani dutse take fitowa mai zane kamar tabarma: layin ƙarfe mai duhu, layin jan dutse mai silika (sinadarin yashi), wani bisa wani, wani layin bai kai kaurin farce ba. A ƙarƙashin teku ya kwanta, lokacin da ruwan ba shi da iskar oksijin. Maɓuɓɓugan zafi na gindin teku suna zubo ƙarfen da ya narke cikin ruwa kamar gishiri, ƙananan halittu masu cin hasken rana suna sakin oksijin, ƙarfen ya yi tsatsa ya nutse. Irin wannan dutse na Isuwa a Girinlan ya haura shekara miliyar 3.7. Manyan shimfiɗun Hamasli a Ostareliya da na Afirka ta Kudu sun kai wajen miliyar 2.5. Daga shekara miliyar 1.8 da suka wuce, kwanciyar irin wannan dutse ta kusan ɗaukewa ɗungum. Ba irin tamar Say ko jan dutsen Adar na nan Nijar ba ce, waɗannan jikoki ne a shekaru. A yankinmu akwai irinsa a Zuwerat ta Muritaniya da Simandu ta Gini.

Babu ɗan Adam, babu ko ciyawa a doron ƙasa, Allah yana tanadar maka abin sana'a. Kai kuma dare ɗaya ka ci amana da shi!

Kuma asirin ba ya rufuwa. Ka manna rodi da katako, ba ka bar masa santimita 3 na siminti ba, damina ta shiga, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya tsaga dal ɗin, wato rufin kankaren. Yaran wa ke kwance a ƙarƙashi? Tela ya ci yadi a ga riga ta ɗage, kai naka sai an tono mutane.

Mai sayarwa da ke miƙa siririn ƙarfe da sunan cikakke, har da kai. Mai gida da ke matse kuɗin aiki har ya tura magini ga sata, kai ma ban cire ka ba.

Don Allah ku mayar da abin mutane. Yau, kafin a zuba kankare.