Ranar da na koma gida ina warin kifi

Malamina na kimiyyar sinadarai ya ce aikin da zan yi a ɗakin gwaji ba wuya: in samu zoben benzin biyu, wato ƙwayoyin kabon shida-shida da suka haɗu a da'ira, in kifa ɗaya a kan ɗaya kamar faifai a bakin ƙwarya, in ɗaure su da gada biyu. Sunan abin farasaikulofen, masanin sinadarai Donald Cram ya haɗa shi tun 1951. Sai dai zobban ba sa ƙaunar matsi. A bakin fensir, inda irin waɗannan zobban suke sake, suna barin tazarar kusan angistirom 3.4 (ma'aunin tazarar ƙwayoyin zarra ke nan), amma a nan sai an danne su zuwa wajen 3.1, har kowanne ya lanƙwashe kamar kwalekwale. Auren dole dai, ni ne kuma waliyyi.

Abin da Malam bai gaya mini ba shi ne, hanyar haɗin da zan bi, wadda ake kira hanyar Hofmann, tana fitar da tirimetilamin, ainihin sinadarin da ke sa ruɓaɓɓen kifi ɗoyi. Na ɗora tulun gilashi, ruwan sinadarin toluwin na tafasa a ciki, injin zuƙe hayaƙi na gurnani. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Injin ya yi tsit, man da ke ƙarƙashin tulun kuwa da sauran zafinsa, tururi ya ci gaba da fita. Na wage tagogi, na tsaya ina fifita da littafin rubutuna. Can hancina ya saba, na ɗauka abin ya wuce.

A masallaci na fara zargin kaina. Liman ya ce a haɗa sahu, na damana da na haguna kowa ya matsa, suka bar mini filin da akuya za ta kwanta. A adaidaita kuma direban ya waiwayo ya ce, "Malam, don Allah in kifin a jaka yake, riƙe ta ta waje."

Ina yin sallama Inna ta miƙo hannu. "Kawo in gyara tun bai ƙarasa lalacewa ba." Na rantse ban sayo komai ba. Ta shinshina rigata, ta dubi magen da ke ta goga kai a ƙafata, ta ɗauko lemun tsami uku. Na fara yi mata bayani cewa ai tsamin ne ke kama sinadarin ya mai da shi gishiri marar tashi. Ta ce tun ba a haife ni ba take wanke kifi da shi, in cire rigar in daina surutu.

Washegari na tace. Kusan duk abin ya dunƙule ya zama wata farar roba kamar ledar da ta narke. Farin ƙyalƙyalin da nake nema, wanda ya fito bai kai gishirin da ake barbaɗa wa ƙwai ba. Malam ya ɗaga kwalbar a hasken taga, ya jinjina kai.

"Madalla. Sake yi sau biyar."