Bazarar da Ta Kusa Kashe Ni da Sanyi

Laifin farko na kunnena ne. Shekara da shekaru ina jin masu karanta labarai suna cewa Sinawa na shirin shiga sabuwar shekararsu, wadda ake kira "Bikin Bazara". Ni kuwa Bakano ne, bazara a wurina ita ce lokacin da ake kwana a tsakar gida, ruwan randa ya yi ɗumi, mangwaro ya cika kasuwa, mutum ya fito daga wanka yana gumi. Don haka da mai masana'antar da nake sarin takalma a wurinsa ya ce in na shigo farkon Fabrairu zai tafi da ni ƙauyensu mu yi bikin tare, sai na zuba shadda uku marasa nauyi a jaka, da silifas, da hula biyu. Uwargida ta miƙo min rigar sanyi, na ce, "Hajiya, bazara fa aka ce." Ta mayar da ita cikin sif, ba ta ce uffan ba. Har yau wannan shirun nata yana min ciwo.

A 2024 ne. Na yi lissafina tsaf: azumi zai kama a watan Maris, Sallah a Afrilu, in na riga 'yan layinmu zuwa Guangzhou, wadda muke kira Gwanzu, takalman yara na Sallah za su iso kafin na kowa. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa babu ko mutum ɗaya a layin da ke shirin tafiya a wannan lokacin ba. Na ɗauka wayo ne Allah Ya ba ni ni kaɗai.

Na sauka na tarar da gari kamar an yi shara. Unguwar Xiaobei, inda ba ka taku goma ba ka ji Hausa ko Faransanci ko Larabci ba, ta koma shagunan da aka ja wa ƙofa aka manna jar takarda. Lawban, haka muke kiran masu gida a can, ya zo ya ɗauke ni yana dariya tun daga nesa. Ya ce ma'aikatansa sun watse tun makon jiya, kowa ya tafi garinsu. Wannan tafiyar gida suna kiranta Chunyun, kwana 40 ake yi ana kai da kawowa, kuma inji ba zai sake motsi sosai ba sai bayan bikin fitilu, ranar 15 ga sabon wata, wato 24 ga Fabrairu. Na ce to takalmana fa? Ya dafa kafaɗata ya ce, "Bayan shekara." A ransa mako biyu yake nufi. A raina na ji kamar an ce min in dawo baɗi.

Muka hau jirgin ƙasa mai gudun tsiya zuwa Changsha, babban birnin lardin Hunan. Tafiyar da ba ta kai awa uku ba a ranar lafiya, amma a makon nan an yi dusar ƙanƙara da wani irin ruwa mai daskarewa da ya taɓa ƙasa, jirage suka yi ta jinkiri. Tashar cike take maƙil, kowa da buhu da kwalin kyauta, wani har da bokitin fenti da yake zama a kai. Tun a taga na fara ganin gonaki sun yi fari fat. Na tambayi Lawban ko gishiri suke nomawa. Da aka buɗe ƙofar jirgi iska ta shigo ta ƙasan shaddata, na gane ba gishiri ba ne.

'Yarsa ɗalibar jami'a ce, tana jin Turanci, ita ta zama tafintata. A mota, haƙorana na kaɗawa, na ce mata ta faɗa min tsakaninta da Allah ina bazarar take. Ta ce ai ta shigo tun 4 ga wata. Wai manomansu na da sun raba shekara gida 24 bisa tafiyar rana, kowane gida kimanin kwana 15, kowanne da sunansa: akwai Ƙaramin Sanyi, akwai Babban Sanyi, daga shi sai Lichun, farkon lokacin da ƙasa ke farfaɗowa, sai Ruwan Sama, sai Farkawar Ƙwari. To wannan farfaɗowar ce aka fassara mana da bazara. Na ce, "'Yata, wanda ya sanar da ku ta shigo, shi ya sanar da iskar nan kuwa?"

Ta ƙara min da cewa sabuwar shekarar da wata ake lissafa ta kamar tamu, tana faɗawa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu. Sai dai su sukan cusa wata na 13, sau bakwai cikin shekara 19, don kada bikin ya yi ta yawo. Mu Sallarmu takan zo da zafi, ta zo da damina, ta zo da hunturu. Su kuwa sun ɗaure tasu a gindin sanyi, sun sa mata sunan bazara.

Mun isa ƙauyen ranar jajibiri, Juma'a 9 ga wata. Na ce a tsaya in kimtsa, don ba a shiga gidan mutane ranar biki a yamutse. Na zaɓi farar shaddata, wadda na ci Babbar Sallah da ita, an buga ta tana ƙyalli, na kafa farar hula. Na shigo tsakar gida da sallama, hannu biyu riƙe da tsarabar da na saya wa mahaifiyar Lawban.

Gidan ya yi tsit. Kowa ja ne a jikinsa, ƙofa ja, fitilu ja, har kare an ɗaura masa jan ƙyalle, ga ni tsaye a tsakiya kamar alli. Tsohuwa ta dube ni daga sama har ƙasa ta faɗi wata kalma ɗaya. Yarinyar ta matso ta raɗa min cewa a wurinsu fari kayan makoki ne, shi ake sawa ranar jana'iza. Wato na ƙure adaka na zo musu gaisuwar mutuwa ranar da suka fi kowace rana gudun ambatonta.

Na ce bari in gyara da tsaraba. Na durƙusa kamar yadda ake yi wa uwa, na ce, "Iya, ga ɗan abin da ya samu." Ta buɗe kwali. Agogon bango ne, mai ruwan zinare, yuan 180 a kuɗinsu na saye shi bayan na sha ciniki. Lawban ya rufe fuska da tafin hannu. Ashe a harshensu "ba da agogo" da "raka mutum kabari" lafazinsu ɗaya ne, song zhong. Ga fararen kaya, ga agogo, ga tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya. Abin da ya rage kawai in tambaye su ina aka ajiye makara.

Tsohuwar nan ba ta da wasa. Ta sa hannu a aljihu ta ciro ƙwandalar yuan ɗaya ta danƙa min a tafi, ta naɗe yatsuna a kai. Yarinyar ta ce in karɓa, yanzu ya zama saye ta yi, ba kyauta ba ce, mugun fatan ya karye. Sannan Iya ta shiga ɗaki ta fito da wasu kaya masu kauri kamar katifa, riga da wando, ja da manyan furanni, irin waɗanda mutanen Hunan ke yini da su a gida lokacin sanyi. Nata ne. Wandon ya tsaya min a ƙwauri. Ni da ake kira Alhaji a layi, yara na rusuna min, na sa su ba musu, don a lokacin ko buhun gawayi aka ba ni zan shiga.

Gidajen kudancin ƙasar ba su da bututun ɗumama ɗaki irin na arewa, sanyin ciki da na waje duk ɗaya ne. Abin da suke da shi tebur ne mai na'urar zafi a ƙasa, an lulluɓe shi da bargo, kowa ya zura ƙafafunsa. Nan na samu gurbi, na ƙudurta ba mai tayar da ni sai Sallah. Da na ɗan farfaɗo sai idona ya sauka kan wata jar takarda a ƙofar ɗaki, an manna ta kai a ƙasa. Ko ban iya karatunsu ba na ga ta bambanta da ta kalanda. Na tashi cikin taimako na ɓamɓare ta na daidaita. Yara suka sa ihu. Kalmar fu ce, wato albarka, da gangan ake kifa ta, domin "ta kife" da "ta iso" sautinsu ɗaya. Na mayar da ita yadda na same ta na koma ƙarƙashin bargo.

Sai cin abincin dare, wanda shi ne zuciyar bikin gaba ɗaya, don shi mutane ke ratsa ƙasar. A nan dole in yaba musu. Lawban ya gaya wa gidan tun da wuri abin da ba na ci, Iya ta sa aka sayo sabuwar tukunya da sabon kasko saboda ni. Tebur ya cika da kwanuka fiye da goma, yawancinsu da naman alade mai hayaƙi da suke ji da shi, sai aka tura min ganye, da ƙwai, da wani waina-waina na shinkafa mai danƙo da suke kira niangao, aka kuma ajiye wani ƙaton kifi guda, da kai da jela, daidai gabana, an rufe shi da jan barkono. Mutanen Hunan da yaji sai dai a bar su, ko 'yan tsiren Kano sai sun sara musu.

Yini guda ban ci komai ba sai biskit. Kuma a tarbiyyar da aka yi min, in uwa ta girka maka abinci da hannunta, ragewa raini ne. Na yi bismilla na naɗe hannun rigar furanni. Na gama da gefe ɗaya, na kifa shi na bi ɗayan, na tsotse kai, na bar ƙaya tsaf kamar matsefi. Ina ci ina lura ana kallona, na ɗauka mamakin iya cin yajina suke, har ina ɗaga musu babban yatsa.

Kifin nan ba na cinyewa ba ne. Sunansa yu, kalmar "rara" ma yu ce, don haka ake taɓa kaɗan a bar saura ya kwana, shekara ta shigo ta tarar da ragowa a gida. Ko kifa shi da na yi wasu ba sa so, wai kamar kifar da jirgin ruwa ne. A zama ɗaya na cinye rarar gidan mai masana'anta ta shekara guda, na kuma nutsar masa da jirgi, ni da nake jiran kwantena ta teku. Lawban ya daɗe yana kallon ƙayar, sannan ya ce a gaya min ba komai, kan da na tsotse ma ai saura ne. Iya ta sa aka ɗauke farantin da ƙayar aka adana.

Aka kunna talabijin ana kallon shagalin da gidan talabijin na ƙasa ke yi duk daren jajibiri tun 1983, ana raba wa yara jajayen ambulan da kuɗi a ciki. Al'adarsu a raya daren har shekara ta shigo. Ni dai kifi ya yi min nauyi, na yi sallar isha na haye gado da kayan Iya.

Ƙarfe 12 daidai duniya ta tashi. Ban san lokacin da na tsinci kaina a ƙarƙashin gado ba, ina salati da ƙarfi, fasfo a haƙorana. Wanda ya taɓa kwana a garin da aka yi harbi ya san abin da jikina ya gaya min. Ƙaramin jikan gidan ne ya leƙo da fitilar waya ya same ni, ya koma ya kira kowa, har Iya. A tatsuniyarsu wai akwai wani dodo mai suna Nian da ke fitowa ƙarshen shekara, ba abin da yake tsoro sai ja da wuta da ƙara, shi ya sa kowane gida ke kunna abin fashewa a ƙofa. Ban san ko dodon ya gudu ba. Ni dai da akwai hanya da na riga shi.

Da asuba na tashi da niyyar wanke laifina. Bayan na yi salla na leƙa waje, tsakar gida ta cika da jajayen tarkacen takarda har idon sawu. Na samo tsintsiya a bayan ƙofa. Na share tas, na haɗa da falo, na tattara komai na kai bakin hanya na zubar, ina jin daɗi a raina cewa yau Iya za ta san an haife ni a gidan mutunci. Ina dawowa na same ta a bakin ƙofa. Tsintsiyar da ma ɓoye ta aka yi. Sharar shekara tun kafin biki ake gama ta, ranar farko kuwa ba a shara, ba a zubar da juji, don arzikin da ya shigo da dare ne ake korawa waje.

Ba ta yi faɗa ba. Ta karɓe tsintsiyar, ta kama hannuna ta kai ni teburin nan ta zaunar, ta ja bargo ta rufe min ƙafafu, ta ajiye min kwanon gyaɗa da lemo, sannan ta kira jikan nan ta ba shi umarni. Na tambayi yarinyar me ta ce. Ta ce an sa shi gadina ne, in na motsa ya yi ihu.

Kwana huɗu na yi a ƙarƙashin bargon nan. Takalmana kuwa sai ƙarshen Fabrairu aka fara yanka su, suka iso Kano ana saura kwana kaɗan Babbar Sallah. Da na dawo gida Hajiya tana kwance jakata ta ci karo da riga da wandon furanni, don Iya ta rantse sai na taho da su. Ta ɗaga wandon sama ta juya shi, ta dube ni, ta ce, "Alhaji, ya bazara?" Na ce alhamdu lillahi. Ta ce ciniki fa? Na laluba aljihu na ajiye mata ƙwandalar yuan ɗaya a kan gado, na ce agogo na sayar.