Atamfar da ta tona mini asiri a ƙofar banki

Tun da cutar korona ta shigo Najeriya a watan Fabrairun 2020, mu a Sakkwato mun fi ɗaukar takunkumin fuska a matsayin abin ratayawa a haɓa, domin a garin da zafin bazara ke wuce digiri 40, duk wanda ya rufe hanci da baki da tsakar rana ya san abin da ya ɗauko wa kansa. Amma da Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta sanya shi a wuraren taruwar jama'a a watan Janairun 2021, har da tanadin tara ko ɗaurin wata shida, sai masu gadin bankuna suka zama sarakunan ƙofa: ba takunkumi, ba shiga.

Ni kuwa dokar ta zo mini daidai, saboda surukina yana bina bashin kuɗin da ya ranta mini lokacin suna, kuma na sha gaya masa cewa albashi bai shigo ba. Na ba tela guntun atamfar da na tsinta a ɗakin maiɗakina, ya ɗinko mini wani takunkumi mai faɗi wanda yake tashi daga ƙarƙashin ido har wuya, ta yadda idan na danno hula goshi, ni kaina sai na dubi madubi da kyau kafin in shaida kaina.

Ranar da albashi ya shigo, na hau kabu-kabu daga Mabera zuwa banki. Ina shiga layi sai na ga wanda ke gabana, da tazarar mita biyun da aka shata da fenti, ba kowa ba ne illa Baba, surukin nawa, da carbinsa a hannu. Ya waiwayo ya yi mini sallama, na amsa da wata murya mai kauri da na aro nan take, ya juya abinsa. A raina na ce Allah ya yi wa wannan doka albarka.

Da muka isa ƙofa, mai gadi ya matsa mana man tsaftace hannu, sannan ya saita mana na'urar auna zafin jiki a goshi kamar mai shirin harbi. Ta yi ƙara a kan Baba, ta yi ƙara a kaina, abin da ba mamaki ga mutanen da suka daɗe a rana a watan Maris. Ya nuna mana benci a inuwar dogon yaro, ya ce mu huce tukuna. Bencin kuwa gajere ne, babu zancen mita biyu a kansa.

Na zauna ina kallon ƙasa, gumi yana tsatstsafowa ta cikin ƙyallen, Baba kuma yana jan carbi yana duban fuskata a natse. Can ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, wagga atamfa mai zanen tsuntsaye, a Babbar Kasuwa na saye ta na kai wa ɗiyata da ta haihu. Mai shagon ya rantse mini turmi ɗaya ya rage."

Muryar aro ta gudu ta bar ni. Na zame daga benci na durƙusa na ce, "Baba, ina wuni?"

Ya amsa da fara'a, ya tambayi jikansa, sannan ya ce ai ya ji ma'aikata na ta murna tun safe. Da mai gadi ya sake auna mu ya ce mu shiga, Baba ya ce shi buƙatarsa ba ta gaggawa ba ce, in shiga in fito, zai jira ni a nan kan bencin.